Tsofaffin Ƙwaƙwalen Kwamfuta: Tsakanin Mai Tarawa da Mai Narkarwa

Idan 'yan gwangwan suka sami tsohuwar kwamfuta irin ta kan tebur, ba su daɗewa a kanta. A kwance murfi, ƙarfe ya tafi gefe guda, wayoyi su tafi nasu gefen saboda jan ƙarfen da ke cikinsu, fanel kuma a zuba shi a buhu a auna da kilo. Amma akwai abu ɗaya da wanda ya san sana'ar ba ya bari ya faɗa cikin buhun. Wani ɗan falle ne mai kusurwa huɗu, bai kai tafin hannun yaro ba, da ƙafafu rawaya a jere kamar haƙoran matsefi. Shi kuɗinsa daban ne, don an shafe ƙafafun nan da zinare. Wannan ita ce furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, inda duk wani lissafi da umarni ke bi kafin a ga harafi ɗaya a fuskar allo.

A Turai da Amurka da Japan akwai mutanen da ke neman waɗannan 'yan fallaye ido rufe, kamar yadda wasu ke tara tsofaffin kuɗi ko kan sarki. Su zinaren bai dame su ba. Rubutun da ke bayan furosesar suke karantawa, don daga shi ake gane wanda ya ƙera ta, da ƙasar da aka haɗa ta, da makon da ta fito daga masana'anta, wani lokaci ma har da irin kuskuren da aka haife ta da shi. Saboda haka abu ɗaya ne mutum biyu ke nema, ɗaya zai jefa shi a asid, ɗaya zai sa shi a akwatin gilashi. Ni dai ina tare da na biyun, amma kafin in faɗi dalili, gara mu san abin da ake ja a kansa.

Labarin ya faro ne daga kalkuleta. A 1969 wani kamfanin Japan mai suna Busicom ya je wurin Intel, wanda a lokacin shekararsa ɗaya da kafuwa, yana son a ƙera masa tarin ƙananan na'urori na injin lissafinsa. Ted Hoff ya ga tsarin ya yi yawa, ya ba da shawarar a yi ƙwaƙwalwa guda wadda za a riƙa ba ta umarni ta yi aiki iri-iri. Stanley Mazor ya taimaka wurin tsara umarnin, Masatoshi Shima ya zo daga Busicom, amma wanda ya zauna ya zana abin a kan silikon shi ne Federico Faggin, ɗan Italiya. Ya ma sa harufan sunansa, F.F., a gefen zanen, inda ba mai gani sai da madubin ƙara girma. Ranar 15 ga Nuwamba 1971 aka tallata ta da sunan 4004: tiransisto 2,300, ƙafafu 16, tana bugawa sau 740,000 a daƙiƙa. Da farko haƙƙinta na Busicom ne kaɗai, sai da Intel ya sassauta musu dala 60,000 kafin ya sami damar sayar wa kowa.

Ana yawan cewa ita ce ta farko a duniya, amma maganar tana da gyara. Kafin ta, Ray Holt da abokan aikinsa sun tsara wata ƙwaƙwalwa mai fallaye da yawa don jirgin yaƙin Amurka samfurin F-14, sojoji suka rufe zancen har 1998. Kamfanin Texas Instruments ma yana da nasa iƙirarin. Abin da ba a musu a kansa shi ne, 4004 ce ta fara shiga kasuwa inda kowa zai sa kuɗi ya saya. Ba a taɓa yin kwamfutar gida da ita ba, duk da haka ita ce uwar ɗakin duk mai tarawa, musamman 'yan farin, masu farin jikin tangaran da murfin zinare, waɗanda ake ganin zanen layuka masu ruwan toka a jikinsu.

Bayanta 8008 ta zo a 1972, sai 8080 a 1974 a kan dala 360. A kan 8080 aka gina Altair 8800, wadda mujallar Popular Electronics ta sa a bangonta a Janairun 1975, kuma ita Bill Gates da Paul Allen suka rubuta wa manhaja.

Inda na fi son tsayawa shi ne watan Satumba na wannan shekara ta 1975. Chuck Peddle da Bill Mensch da wasu abokansu sun baro Motorola sun koma wani ƙaramin kamfani, MOS Technology, da niyyar yin furosesar da mai ƙaramin ƙarfi zai iya saya. Suka kai ta wani baje koli a San Faransisko, aka ce ba a ciniki a cikin zauren, sai suka kama ɗaki a otel, suka zuba ta a manyan kwalaben gilashi kamar alawa, suna sayar da kowace ɗaya dala 25. Mutane suka ɗauka wasa ne, don Bahaushe ma ya ce araha ba ta ado. To wannan arahar ta yi ado. Saboda sauƙin kuɗinta Steve Wozniak ya ɗora Apple I da Apple II a kan 6502. Ita ce a cikin Commodore PET da BBC Micro, 'yan uwanta na jini kuma su ne a Commodore 64 da Atari 2600 da na'urar wasa ta Nintendo. Yaron da ya yi wasan Mario a irin na'urorin nan masu kaset da ake haɗawa da talabijin, da jikar wannan furosesa ya yi wasa bai sani ba. A ganina babu abin da ya sauko da kwamfuta daga ofisoshin manyan kamfanoni zuwa ɗakin mutum kamar wannan farashi na dala 25.

Shi kuwa Faggin barin Intel ya yi ya kafa Zilog, Shima ya bi shi, suka fitar da Z80 a 1976. Tana gudanar da duk manhajar da aka rubuta wa 8080, ga shi wuta iri ɗaya take buƙata inda waccan ke neman iri uku, don haka haɗa kwamfuta da ita ya fi sauƙi. Ta shiga TRS-80 a Amurka, ta shiga ZX Spectrum a Ingila, ta shiga kwamfutocin Sakhr da wani kamfanin Kuwait ya yaɗa a ƙasashen Larabawa da haruffan Larabci. Sai a 2024 Zilog ya sanar da daina ƙera ta, bayan shekara 48.

Duk da haka, ba ɗaya daga cikin biyun nan da ta gaji duniya. A Agustan 1981 IBM ya fitar da kwamfutarsa ta kan tebur, ya zaɓi 8088 ta Intel, ƙanwar 8086 mai tiransisto 29,000 da ta fito a 1978, saboda tana aiki da kayan haɗi masu araha da ake da su a kasuwa. IBM ya gindaya sharaɗi: ba zai dogara da masana'anta ɗaya ba, dole a sami wasu masu ƙera irinta. Daga nan AMD ya sami ƙofa, haka ma NEC da Fujitsu da Siemens da Harris. Shi ya sa mai tarawa zai iya cika tire guda da furosesa iri ɗaya, amma kowace da tambarin gidan da ta fito, wata an haɗa ta a Malesiya, wata a Filifin. Wasu masu kwaikwayon ma sun wuce maigidan: Intel ya tsaya a gudun megahaz 12.5 a kan furosesar 286, Harris ya kai ta 25. A bayan labulen Tarayyar Sobiyet kuwa ba a nemi izinin kowa ba. An kwafi 8080 aka kira ta KR580VM80A, aka kwafi 8086, Jamus ta Gabas ta kwafi Z80 a birnin Erfurt da sunan U880. Injiniyoyin kamfanin DEC sun san da haka, har suka zana ɗan saƙo da Rashanci a cikin wata furosesarsu don masu buɗewa su kwafa su karanta.

Da 386 ta zo a 1985 da tiransisto 275,000, Intel ya ce ya daina rabon gado. Aka shiga shari'a ta shekaru da AMD. A 1991 kotu ta ce Intel ba zai mallaki lambar a matsayin sunan kaya ba, kowa na iya kiran tasa 386. Wannan hukunci ne ya sa wadda ta biyo bayan 486 ba a kira ta 586 ba. Aka aro kalmar biyar daga Girkanci aka raɗa mata Pentium, ta fito a Maris ɗin 1993 da tiransisto miliyan 3.1. Sunan ya kama baki har a nan gida, inda a wuraren buga takardu da shagunan intanet na farkon shekarun 2000 ba a tambayar komai game da kwamfuta sai Pentium nawa ce.

Yanzu sai karatun bayan furosesa, wanda shi ne ainihin ilimin masu tarawa. A yawancin tsofaffin akwai lamba huɗu: biyun farko shekara, biyun ƙarshe mako. Idan ka ga 7936, an yi ta a mako na 36 na 1979. A kayan Intel na farko, harafin da ke gaban lambar yana faɗin irin rigar da aka sa mata: C farin tangaran ko shunayya da murfin ƙarfe, D tangaran mai falle biyu, P baƙar roba. Ƙwaƙwalwar ciki ɗaya ce, amma ta tangaran ta fi ta roba daraja nesa ba kusa ba, don ita aka fara yi kuma ba ta da yawa. Daga baya Intel ya ƙara wata lamba mai farawa da S da ke nuna gyara na nawa ne aka yi wa zanen. Wadda tata ta fara da Q samfurin gwaji ce, irin wadda ake ba injiniyoyi kafin kaya su shiga kasuwa, kuma a ƙa'ida ba ta sayarwa ba ce.

Abin da zai ba baƙo mamaki shi ne, mai aibi ta fi lafiyayya tsada. 6502 ta farkon fitowa ba ta da wani umarni na juya lambobi zuwa dama, sai a 1976 aka samar da shi, don haka masu tarawa ke farautar masu kwanan watan 1975. Wasu 386 na farko suna kuskuren ninka manyan lambobi. Intel ya gwada su, waɗanda suka ci jarrabawa ya buga musu harafin sigma na Girkanci sau biyu, waɗanda suka faɗi ya rubuta a bayansu cewa a yi ƙananan manhajoji kawai da su. Akwai wata 486 ta kamfanin UMC na Taiwan da aka rubuta a jikinta cewa an hana sayar da ita a Amurka, saboda rigimar haƙƙin mallaka. Akwai Pentium III mai megahaz 1,130 da aka janye daga kasuwa wata ɗaya bayan fitowarta a 2000, lokacin da Intel ke gaggawar kamo AMD, wanda ya riga shi kai wa megahaz 1,000 a watan Maris.

Babbar su duka ita ce Pentium mai kuskuren rabawa. A 1994 Thomas Nicely, malamin lissafi a wata kwaleji a Lynchburg ta jihar Bajiniya, yana bincike kan lambobin da ba su rabuwa, ya ga amsoshinsa na saɓa wa juna. Ya shafe watanni yana zargin manhajarsa da sauran kayan kwamfutar kafin ya tabbatar laifin na furosesar ne. Wasu 'yan gurabe aka bari fanko a jadawalin da take dubawa idan za ta raba lamba. Idan aka raba 4195835 da 3145727, amsar gaskiya ta fara da 1.33382, ita kuwa sai ta ce 1.33373. Intel ya ce mai amfani na yau da kullum sai ya shekara 27,000 kafin ya ci karo da matsalar, kuma ba zai musanya wa kowa ba sai wanda ya nuna aikinsa na buƙata. Mutane suka fusata, IBM ya dakatar da sayar da kwamfutocin da ke ɗauke da ita. Kafin ƙarshen Disamba Intel ya ba da haƙuri ya ce kowa ya kawo, abin ya ci masa dala miliyan 475. Wasu daga cikin waɗanda aka dawo da su an mayar da su maƙalin makulli aka raba wa ma'aikata. Wanda ya riƙe irin wannan furosesa a yau, ya dasa ta a fanel ɗin zamaninta, ya buga lambobin nan biyu, zai ga kuskuren da idonsa. Ban san wani kayan tarihi da zai sake aikata tarihinsa a gabanka duk lokacin da ka so kamar wannan ba.

Inda kuɗi ya shiga, jabu na biye. Tun a shekarun 1990 ake kankare bayan furosesa a sake buga mata gudun da ya fi nata don a sayar da tsada, yanzu kuma ana yi wa tsofaffin haka, a ɗauki ta roba ko ta wani kamfani a shafe ta da baƙin fenti a rubuta suna mai daraja. Masu tarawa sukan goga ɗan sinadarin goge farce su ga ko fentin zai tashi, su duba ko kwanan watan ya dace da salon tambarin.

Su kansu masu tarawar ba ra'ayinsu ɗaya ba. Akwai mai jerawa a tire ya rufe da gilashi, ba ya son ko wuta ta taɓa ta. Akwai wanda ke ganin furosesar da ba ta aiki gawa ce, sai ya nemo mata fanel da sauran kayan zamaninta ya tashe ta. Akwai kuma masu fasa rigar su ɗauki hoton silikon ɗin da madubin ƙara girma, kamar Ken Shirriff, da masu aikin Visual6502 da suka bi tiransisto 3,510 na 6502 ɗaya bayan ɗaya har suka sake gina ta a manhaja, kowa na iya kallon yadda umarni ke tafiya a cikinta. Na fi girmama na ƙarshen nan. Sun salwantar da guda ɗaya ko biyu, amma sun ceci ilimin da kamfanonin da kansu suka yi sakaci da takardunsa. Kuma tsohuwar furosesa ba ado kaɗai ba ce. A 1999 an ɗora wa na'urar hangen sararin samaniya ta Hubble kwamfuta mai 486, shekara goma bayan fitowarta, don an san halinta ciki da waje. A 2002 an ba da rahoton hukumar NASA na bin kasuwannin intanet tana sayen 8086 don kayan gwajin kumbonta. Intel bai daina ƙera 386 da 486 ba sai 2007, saboda injinan masana'antu da ke dogara da su. Da tsohuwar zuma ake magani.

Mai narkarwa fa? Abin da yake nema gaskiya ne yana nan. Furosesar tangaran ta shekarun 1980 da 1990 tana da zinare a ƙafafu, da murfi, da siraran wayoyin ciki. Pentium Pro ta 1995, mai ƙafa 387 da faffaɗan murfi rawaya, ita ta fi shan wahala, don an daɗe ana yaɗa cewa akwai giram guda a cikinta, alhali masu tacewa sun ce bai kai rabin haka ba. Ana farfasa ta a jiƙa a haɗin asid biyu masu ƙarfi, hayaƙin da ke tashi yana ƙona huhu, ruwan da ya rage kuma yana lalata ƙasa da rijiya. Furosesar da aka yi miliyoyinta a haka take zama abin nema, buhu bayan buhu.

Nan ne zancen ya zo ƙofar gidanmu. A 2005 ƙungiyar Basel Action Network ta ba da rahoton cewa kwantena kusan 500 na tsofaffin kayan lantarki ke sauka Legas duk wata, kuma kaso mai yawa ba ya gyaruwa. Masu rai suka bi ta Ikeja da Alaba suka watsu har Kano da Kaduna da Maiduguri, matattun suka tafi bola. A Akara an yi Agbogbloshie, inda samari, akasarinsu daga arewacin Gana, suka shekara suna ƙona waya suna fasa fanel har aka rushe wurin a 2021. Wato tarin kwamfutocin zamanin 486 da Pentium da Turai ta gama da su, a wajenmu suka yi rayuwarsu ta biyu, a hannun 'yan jari bola kuma suke ƙarewa. Ba na ganin laifin mai gwangwan. Abincinsa yake nema, kuma ba wanda ya taɓa ce masa abin da ke hannunsa yana da wata daraja bayan nauyinsa.

Abin da ke damuna shi ne rayuwar nan ta biyu ba mai rubuta ta. Gidan tarihin kwamfuta na Mountain View a Kalifoniya, da na Bletchley Park a Ingila, za su gaya maka wanda ya zana furosesa da makon da aka yi ta. Ba za su gaya maka cewa a kan irin waɗannan kwamfutoci aka buga ɗimbin littattafan Hausa na kasuwar Kano ba, ko cewa a shekarun 1990 sai da Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙiro salon rubutu na Rabi'at da Abdalla kafin ƙ da ɗ da ɓ su fito da lanƙwasarsu a allo, a daina bin takarda da biro ana sa musu ƙugiya. Pentium ɗin da ta yi wannan aiki a wani shago a Fagge ko Sabon Gari, a idon ɗan kasuwar waje ba ta da wani kuɗi, don irinta sun yi yawa. A wajenmu ita ce shaidar lokacin da harshenmu ya shiga na'ura. Sassan koyar da kwamfuta a jami'o'inmu da kwalejojin fasaha suna da ɗakunan ajiya cike da irin waɗannan matattun kaya suna jiran gwanjo. Kabad ɗaya mai gilashi ya isa a jera su daga 8088 zuwa Pentium 4, ɗalibi ya riƙe da hannunsa ya ga yadda ƙafa 40 ta zama ɗaruruwa, maimakon ya haddace a takarda.

Wanda ya ci karo da irinta, kada ya kankare ta, kada ya wanke rubutun bayanta da fetur. A riƙe ta ta gefe, don ƙafafun suna lanƙwashewa da wuri, wadda ta karye kuma ba ta komawa. Lokacin hunturu, sa'ad da mutum ke taɓa ƙofar mota ya ji ta ja shi, irin wannan wutar ta jiki ta isa ta kashe furosesa ba tare da an ga alama ba, saboda haka a fara taɓa ƙarfe kafin a ɗauke ta, a kuma ajiye ta cikin 'yar ledar nan mai ruwan toka da ake sako kayan kwamfuta a ciki. Idan tana kan fanel ɗinta, a bar ta a kai, sun fi amfani tare. Sannan a sami 'yar takarda a rubuta garin da aka same ta, da shagon ko ofishin da ta yi wa aiki, da irin aikin, da shekarun da ta yi tana yi, a naɗe a sa cikin ledar tare da ita.